Bindigar Elwood Ta Ƙi Tashi

Karo na uku ke nan Elwood Moyer ya ja kunama. Dutsen ƙanƙara ya kankari ƙarfe, albarushin da ke ɗan kaskon gefe ya yi fuu, hayaƙi ya turnuƙe masa fuska, amma bindiga ta ƙi tashi. Can cikin gonar tuffa, taku tamanin daga katangar duwatsun da ya laɓe, kishimin nan, ƙaton namijin barewa mai ruwan ƙasa, ya ɗaga ƙahonsa mai rassa ya juya abinsa cikin hazon safiya, ko sauri bai yi ba. Elwood ya kifa goshi a kan dutse. Rabonsa da kuka tun ranar da aka binne babansa, sai yau.

Ranar Alhamis ce, ran Asabar kuma ake rufe farautar bindigar ɗuri ta bana. A zuriyar Moyer, a nan tsaunukan Pennsylvania, kowane namiji sai ya haɗa bindigarsa da hannunsa ya kashe kishimi da ita, sannan a ƙona sunansa a jikin gungumen da ke riƙe da rufin bukkar farauta. Sunan kakansa na nan, da na babansa, har da na ƙaninsa da bai iya buga ƙusa ba. Elwood ya yi ta cewa baɗi, baɗi, har ya kai saba'in da huɗu. Sai a watan Oktoba likita ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa kafin bazara idanunsa za su tafi. Babu sauran baɗi.

Ya yi odar kayan haɗin, suka zo ta gidan waya cikin dogon kwali: bututu, icen gindi, kunama da 'yan kusoshi a leda. Wata biyu yana goge ice yana daidaita ƙarfe, rabi da ido rabi da lalube. Matarsa Arlene ta bar shi ya haɗa, amma ta sa shi ya ɗora hannu a kan Baibul cewa ado za a rataye, ba zai shiga daji da ita ba. Ya rantse. Allah ya yafe masa.

Yaudararta ba wuya. Kunnenta ya yi nauyi, kuma a saninsa ba ta tashi sai rana ta fito sosai. Yakan ce ya tafi shan kofi wajen abokinsa Delbert Yost, ya ɗauki bindiga a rumbu ya zaga ta bayan gona. In ya dawo sai ya tarar da takalmanta a jiƙe bakin ƙofa, murhu na ci da icen tuffa mai ƙamshi. Bai taɓa tambaya ba, mai gudun tambaya ai ba ya fara ta.

Ya sauya dutse sau huɗu. Ya shanya albarushi. Ya buga wa masu kayan waya ya wanke su tas, ya ce tarkace suke sayar wa mutane, wata yarinya ta yi ta ba shi haƙuri ta ce ya maido musu, za su duba cikin mako shida. Mako shida! Ya ajiye wayar, ya naɗe bindiga a bargo sai gidan Delbert.

Delbert ya yi shekara arba'in yana haɗa irinta. Ya zura siririyar waya a 'yar kafar da wuta ke bi daga kasko zuwa cikin bututu, ta tsaya cak.

"Wa ya huda maka wannan?"

"Ni mana. Ai ba sa hudawa, kai za ka auna."

"To, mutumina, ka zagi bayin Allah a banza. Kayansu lafiya lau. Ka goce baya da kamar ƙwayar shinkafa, ka huda cikin ƙarfen da ya toshe gindi. Ko shekara za ka yi kana ja, shayi ma ba za ta dafa ba." Ya dube shi da kyau. "Anya idon nan naka zai kai ka daji?"

"Na gan shi sau uku, Delbert. Ƙahonsa kamar bishiya. Ka taimake ni, kwana biyu suka rage mini a duniyar masu ido."

Delbert ya jawo mahudi. Ran Juma'a da yamma suka gwada ta a bayan gidansa, ta yi tsawa har karnukan maƙwabta suka ɗauka, dalma ta ratsa katako ta wuce.

Asabar tun da jijjifi Elwood na bayan katanga, kunama a ɗane. Lokacin fitowar kishimi ya yi, ya wuce. Hazo ya watse. Ƙafafunsa suka mutu cikin dusar ƙanƙara, bai motsa ba, yana ta roƙon Allah ya turo shi ko sau ɗaya. Har rana ta karkata, gonar tuffa ba kowa.

Ya dawo yana jan ƙafa, ya tarar da takalman Arlene a bushe, murhu ya kusa mutuwa, ita kuma tana kwance cikin bargo da zazzaɓi.

"Kofin yau ya yi tsawo, tsohona," in ji ta. "Daure ka je gonar tuffa ka kwaso mana sauran rassan da na sare. Kullum kana fita nake zuwa in ɗauko su a kafaɗa, yau ne kawai na kasa. Sa rigar sanyina mai ruwan ƙasa, ta fi ɗumi."