Hoton Tsohon Maƙeri

Kai maigidana, ajiye wayar nan tukuna in ba ka wani misali, tunda na lura kai ma ba ka son a ji ka ce ba ka sani ba.

An yi wani mai ɗaukar hoto a bakin kasuwa, hannunsa da kyau, sai dai bokonsa bai wuce karanta lambar mota ba. Kyamararsa irin ta zamani ce, mai ɗan gilashi a baya, tana adana hotuna a wani kati da bai fi farcen babban yatsa ba. In ta yi gardama ta fito da rubutun Turanci, maganinsa ɗaya ne: ya cire batir, ya hura masa iska, ya mayar, ya danna madannin tsakiya sau biyu. Shekara uku yana haka tana lafawa, har ya ɗauka ya gama iyawa. To, ran nan aka kira shi suna a gidan wani tsohon maƙeri, wanda tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Cewa yake mai son ganinsa ya zo maƙera. Amma da aka ɗora masa tattaɓa-kunnensa a cinya, sai ya gyara hula ya ce a ɗauki guda ɗaya. Guda ɗayan kuwa aka ɗauka. Kwana tara tsakani, tsoho ya cika. Da aka share makoki, 'yarsa ta fari, ita ma da furfurarta, ta zo shago ta zauna a benci ta ce a wanke mata hoton Baba.

Ya kunna kyamara, sai ga rubutu. Ya cire batir, ya hura, ya mayar. Rubutu na nan daram. Yatsansa har ya hau madannin tsakiya, sai ya ga kamar wannan ya fi na kullum tsawo, ga wasu 'yan akwatuna biyu a ƙasa. Ya dubi matar, ta haɗa hannu a cinya tana jira. A tsallaken titi akwai wata mai shagon buga takardu, wadda ya sha yi wa ba'a a gaban jama'a, wai me mace ta sani game da inji. Titin nan taku ashirin ne, amma ranar sai ya yi masa nisa kamar Gabas. Ya dai daure ya tsallaka, 'yan teburin mai shayi suna binsa da ido. Ta karanta, ta ɗago ta ce, "Malam, tambayarka take yi. Ta kasa gane katin, wai ko ta share duk abin da ke ciki ta fara sabo. Kuma a kan 'i' take tsaye. Da ka danna, da shi ke nan." Ta kashe kyamarar, ta zaro katin, ta goge masa 'yan haƙoran nan masu ruwan zinariya da gefen mayafinta, ta mayar da shi har ya ce ƙas, ta kunna. Sai ga tsoho, hula a karkace, fuska a murtuke, ƙaton hannun nan mai tabon wuta tallafe da kan jariri. Ya tsallako ya dawo shagonsa. 'Yar ta karɓi kyamarar da hannu biyu, ta daɗe tana kallo, can ta ce, "Haka yake ɗaure fuska in yana jin daɗi." Shi kuwa mai hoto, tun daga ranar, da rubutu ya fito sai ka hango shi yana tsallaka titi, ko masu shayi na kallo ko ba sa kallo.

Ka ji dai. Kunyar taku ashirin ta kusa binne tsoho sau biyu. Ba banza ba masu iya magana suka ce, matambayi ba ya ɓata.