Ratar Dogo

Kai da kake son yi wa iyalinka alheri amma ka rufe musu ƙofa, tsaya ka ji wannan. An yi wani direban jirgin ƙasa, shekara talatin da biyu yana jan tarago, bai taɓa kayar da ko ɗaya ba, kuma Allah ya sani ba ya gajiya da faɗin haka. Duk tsawon shekarun nan matarsa ba ta taɓa shiga jirginsa ba. Tana gidansu na bakin layin dogo, ita ce raino ita ce girki, shi kuwa kullum maganarsa ɗaya, wata rana zai ɗauke ta ta ga hanya. Wata rana, wata rana, har ya ajiye aiki, har jirgin ma ya daina bi ta garinsu. Ana nan sai ciwon ido ya kama ta, likita ya ce ganin zai tafi a hankali, ba kuma zai dawo ba. Hankalin tsoho ya tashi. Ya ce tun da ba zai iya kai ta hanya ba, to zai kawo mata hanyar har gida kafin idon ya rufe.

Ya samo ɗan jirgi mai batir a cikin kayan gwanjo, ya kafa falanki a ɗakin baya, ya shimfiɗa siraran ƙarfe ya yi layin dogo. Ya gina tudu da yumɓu, ya yi gada da guntun kwanon rufi, tashoshi kuwa da kwalin ashana, kowace da sunanta a jiki. Wajen haɗa ƙarafunan nan ya matse su gam, baki da baki, ko gashi ba zai shiga ba, don shi a ganinsa kyan aiki ke nan. Da safe jirgi ya zaga lafiya lau. Amma da rana ta take, rufin kwano ya ɗau zafi, da ya zo kwanar gada sai ya kife. To shi direba, in jirgi ya yi gardama, inji yake zargi. Ya kwance injin, ya goge, ya sa mai, ya sauya batir, ya sake ɗaurawa. Gobe ma haka, jibi ma haka. Da ya kira ta da safen ta gani ai da an wuce wurin, amma ina, girman kai ya hana. Ya rantse ba zai ɗauki fasinja a jirgin da ke faɗuwa ba. In ta tambaya sai ya ce saura kaɗan, ya ja ƙofa. Wata huɗu yana saura kaɗan, ita kuwa har ta daina gane fuskar mai sallama sai ya yi magana.

Ran nan bayan azahar ta ji jirgin ya sake kifewa, ta ji tsoho ya ja tsaki. Ta laluba bango, ta tura ƙofa ta shiga, ba ta nemi izinin kowa ba. Ya so ya hana ta, kunya ta sa ya ba ta hanya. Ta ɗora yatsa a kan ƙarfen tana bi a hankali, ta ji shi da ɗumi, ta ji ya ɗan karkace a kwanar gada, ta kuma ji babu mahaɗa ko ɗaya da yatsa zai tsaya a kai.

"Malam, ina ratar?" in ji ta.

Bai gane ba. Ta ce masa shekara talatin tana tsallake dogo kullum za ta kasuwa, kuma tana ganin leburori suna barin 'yar rata tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Lokacin sanyi ratar ta buɗe, da zafi ta kusa rufewa, domin ƙarfe ma miƙa yake yi in ya sha rana, in bai samu wuri ba sai ya lanƙwashe. Shi ma ya san da haka, an koya masa tun yana sabon shiga, amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa a saman inji yana hangen nesa, yaushe zai tuna abin da ke ƙarƙashin ƙafafun jirgi? Ya ɗauko ƙaramin zarto. Ita ke aza yatsa tana nuna wurin, shi yana yankawa, har suka zagaye falankin.

Ya ɗora jirgi ya kunna. Jirgin ya hau tudu, ya gangaro, ya sha kwanar gada bai ko girgiza ba. Sai dai ita ba ta ga tudun ba, ba ta ga tashoshin da ya rubuta wa suna ba, inuwa kawai take gani tana wucewa. Wannan ya ci masa rai ƙwarai, ya san shi ya cinye watannin da idonta zai iya gani. Amma yanzu ƙafafun jirgin suna taka ratar nan, ƙas-ƙas, ƙas-ƙas, kamar na gaske. Ta karkata kai tana saurare, fuskarta ta cika da murmushi.

"A da in na ji wannan ƙarar, tukunya nake ɗora maka," ta ce. "Yau dai da ni za a tafi. Faɗa mini, ina muka iso?"

Tsoho ya share hawaye da hannun riga, ya jawo mata kujera kusa da shi, ya shiga kiran sunayen tashoshi ɗaya bayan ɗaya.

To ka ji. Abin da ya hana shi barin ta shiga, don ita yake yi, kuma a wurinta maganin yake. Je ka buɗe ƙofarka tun da sauran lokaci, domin Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.