Motar Da Ke Gajiya Tana Tsaye

Malamin kimiyya ya sadaukar da shekarun ritayarsa ga ci gaban ɗan Adam. Ɗan Adam dai bai roƙe shi ba.

Mota ya haɗa, mai aiki da lantarki. Ya samo gangar jikin wata tsohuwar ƙaramar mota, ya fitar da injinta, ya dasa na wuta. Sannan ya bi shagunan gyaran kwamfuta yana tsintar matattun batiran litiyom, yana farke su, yana ware masu sauran numfashi. Ya jera su bayan kujera kamar ƙwai, ya liƙe da dalma, har ya ƙara soket a baya don injinsa na huda ƙarfe. A lissafinsa, caji ɗaya zai kai shi gidan mahaifiyarsa a ƙarshen gari, ya dawo da shi, a samu rara.

Lissafin ba shi da aibu. Motar ce ba ta karanta shi ba.

Wutar lantarki takan leƙo unguwar da safe, ta gaisa, ta wuce. A ɗan tsakanin nan yake cika batirin taf. Sai ya ci abinci, ya yi barcin rana mai nauyi, da yamma ya fito. Litiyom kuwa ba ya nuna yunwa a fuska: allurar ma'auni tana nan tsaye kamar mai gaskiya, sai a rabin hanya ta faɗi warwas. Kusan kullum a gaban shagon aski ɗaya motar ke mutuwa, har masu askin suka ware masa benci.

Ya zargi zafi. Matarsa dai tun farko ta ba shi shawarar ya riƙa ajiye motar a inuwa, ƙarƙashin tagar kicin, don haka zafi ya fita daga zargi. Ya zargi dalma. Ya zargi masu gyaran kwamfuta, ya ɓata da biyu daga cikinsu. Daga ƙarshe ya gano wata sabuwar ƙa'idar kimiyya, cewa batirin litiyom ya fi gajiya idan yana hutawa.

Ƙanin matarsa, direban tasi, shi ke zuwa janyo shi.

"Yaya Injiniya, don Allah ka sayi igiyarka. Tawa ta fara tsinkewa."

"Ana kan bincike."

"Binciken nan fa man motata yake sha."

Masu aski suka fashe da dariya, har wanda ake yi wa gyaran fuska ya kusa rasa kunne. Nan zuciya ta ɗebi malamin. Ya rantse a gaban kowa cewa idan ranar Asabar motar ba ta kai shi gidan tsohuwa ta dawo da shi ba, zai kwance batirin ɗaya bayan ɗaya, ya sayar wa masu gwangwan.

Da ya ba da labarin rantsuwar a gida, ludayi ya suɓuce daga hannun matarsa.

"Haba, Baban yara! Duka batirin?"

"Na riga na rantse."

Ta zauna ta yi tagumi. Abin ya taɓa shi matuƙa. Duk tsawon zamansu bai taɓa sanin tana ƙaunar kimiyya haka ba.

Satin nan kowa ya duƙufa. Shi ya sake wayoyi, ya goge kowace mahaɗa, ya ɗaure abin da ya saki. Ita kuma ta shiga soya nama da kifi ba ƙaƙƙautawa, tana aika wa maƙwabta kwano-kwano. Ya gane sadaka ce take yi masa. A matsayinsa na masani bai yarda sadaka na ƙara wa batir ƙarfi ba, amma ya ci rabonsa bai yi gardama ba. Ruwan sha ma da ya zama ɗumi-ɗumi bai yi ƙorafi ba, don mai babban aiki a gaba ba ya kula ƙananan abubuwa.

Asabar da yamma ya tayar da motar. Ƙanin matarsa ya biyo shi a baya, igiya a shirye. Suka zo shagon aski, masu askin suka miƙe za su gyara benci. Motar ta wuce su ko tari ba ta yi ba. Ta hau gada, ta sauka, ta kai gidan tsohuwa. Tsohuwa ta sa albarka, ta ƙi shiga. Motar ta dawo gida da rararta, daidai yadda lissafi ya ce.

"Yaya Injiniya, na ba ka gari," in ji direban tasi, yana naɗe igiyarsa.

Matarsa ta yi hamdala har da ƙwalla.

Ranar Litinin motar ta mutu a gaban shagon aski. Malamin ya zauna a bencinsa cikin natsuwa, ya yi wa ƙa'idarsa ƙari: batirin litiyom yana bukatar a riƙa tsorata shi lokaci-lokaci. Yana shirin rubuta maƙala a kai.

Tun ranar Lahadi matarsa ta zuro waya ta tagar kicin, ta mayar da firizarta jikin motar.