Farar Hular Ranar Alhamis

Tun da aka rufe masana'antar taragon jirgin ƙasa, duk Alhamis tsofaffin ma'aikata kan yi layi a bakin ƙofarta. A ɗora wa mutum wata farar hula na minti goma, a ba shi shinkafa. Wai duba lafiya ne.

Shekara talatin Tanimu ya yi yana ƙwanƙwasa ƙafafun jirgi da guduma. Daga ƙarar kaɗai yake gane mai tsaga. Bugu biyu, ya dakata, sannan ɗaya.

Wata Alhamis matarsa Delu ta raka shi zuwa layin, suka biya kasuwa sayen randa.

"Malam, ji mana wannan," in ji ta.

Ya ƙwanƙwasa, ya sake. Ƙara ce kawai, ba ta faɗa masa komai ba.

"Lafiyarta lau."

Delu ta juya randar. Ga tsaga nan ɓaro-ɓaro, tun daga baki har gindi. Ta yi ƙasa da murya.

"Barau mai walda ma yanzu ko ƙofar gidansa ya kasa gyarawa. Ni fa ban yarda da hular nan ba. Wane irin duba lafiya ne ba a tambayar inda ke ciwo?"

"To me za mu ci, Delu?"

Suka isa layi. An ce an kwashe injuna, babu kowa a ciki. Amma daga bayan katanga Tanimu ya ji guduma a kan ƙarfe. Bugu biyu, aka dakata, sannan ɗaya. Irin bugunsa sak.

"Na gaba!" in ji mai ɗora hular.