Wanda Ya Kashe Dawar Ramalan

Akwai mutumin da ya kashe dawar Ramalan shekara uku a jere, kuma har yau yana yawo a Akokan, ba wanda ya ce masa uffan.

Da aka rufe ramin ma'adinan da yake aiki, Ramalan ya kama garka a bayan gari. Ba takin zamani, ba feshi, sai kashin awaki daga Gougaram da irin da ya gada daga Tahoua. Mutum ne da ba ya yarda da asara: duk abin da gona ta haifa, masussuka ɗaya yake kai shi.

Sai cutar burtuntuna ta shigo. Ka murza zangarniya, maimakon ƙwaya baƙin gari ya cika maka tafi. Buhu goma ya koma shida, shida ya koma biyu, ga baki bakwai a gida. Ga kuma dawar maƙwabcinsa Ismaghil, shinge ɗaya tsakani, fes kamar an wanke ta.

Wata Laraba da hantsi ya tarar da Ismaghil a tsakiyar garkarsa, wuƙa a hannu, buhu a kafaɗa.

"Ashe kai ne."

"Tsaya, maƙwabci, duba abin da ke ciki."

Bai tsaya ba. Ƙotar hauya ta sauka a damtse, ƙashi ya karye kamar busasshen kara. Ta biyu ta fasa goshi, jini ya jiƙa rawani. Yana ƙasa ma Ramalan bai ƙyale shi ba, sai da ƙarti huɗu suka danne Ramalan ɗin. A amalanke aka kai Ismaghil likita, haƙoransa biyu suna nan cikin ƙasa.

Ramalan ya zazzage buhun. Baƙaƙen zangarniyu ne zalla.

"Ɓarawon ma wawa ne," in ji shi.

Ya tattara abinsa, ya zuba kan sauran, ya sussuka. Baƙin garin ya tashi ya lulluɓe kowace ƙwaya. Daga tsibin nan ya cika tukunyar irin baɗi, kamar bara, kamar bara waccan.

Ismaghil nasa baƙaƙen zangarniyun yanke su yake ya ƙone tun ba su fashe ba, abin da ya tsallaka shinge ya yi wa maƙwabci ke nan, don garin nan shi ne cutar, kan iri yake hawa ya koma gona. To, hannun da ya karya ƙashin nan shi ya shuka ta shekara uku, in ka isa ka musa.