Tafintan Anti Batulu

Karo na huɗu ke nan a wata guda Falalu yana hawa jirgin ƙasa daga Birmingham zuwa Manchester, saboda matar da ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba.

Anti Batulu matar marigayi kawunsa Halliru ce. Gwamnati ta tsuke bakin aljihu, asibiti ya sallami masu tafinta, 'ya'yanta biyu kuwa Hausarsu ba ta wuce "sannu" ba. Sai uwarsa Inno ta ce shi zai riƙa zuwa, ai matar ƙanenta ce. Ta faɗa ne tana kallon taga.

Ciwon na gado ne. Yayyen Batulu maza uku sun kwanta lafiya lau a Malumfashi, ɗaya bayan ɗaya, gari ya waye babu su. A gida an ce iska ce. Likitocin asibitin Oxford Road a Manchester suka ce zuciya ce ke rikita bugunta cikin barci, sai ta tsaya cak. Aka zura wa Batulu siririyar waya har zuciyar, aka ƙone ɗan wurin da ke kawo rikicin. Aiki ya yi kyau.

Falalu yana tausayinta, amma haushinta ya fi yawa. Tun yana yaro, in za ta ambace shi, daga "kai" sai "wancan". In ta zuba masa abinci, wani take miƙa wa ya kai masa. Yanzu kuma ta tsiro da sabon salo: kullum da asuba wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka ya yi sallama, ta katse. Ko uffan. Matarsa ta ce maganin ne ya taɓa tsohuwar. Shi dai har gabansa ya fara faɗuwa in ya ji ƙarar.

Wata takwas suka jira kafin layi ya zo kansu wajen nas mai bin diddigin dangi. A ɗakin jira Falalu ya gaji da shirun, ya ba ta labarin yadda zazzaɓi ya sa shi suma a ofis makon jiya, likitansa ya ce gajiya ce. Carbin hannunta ya faɗi ƙasa. Ba ta ɗauka ba.

Nas ta zana iyalin a takarda, ta ja layi a kan matattu uku. Ta ce duk wanda Batulu ta haifa yana iya ɗauke da ciwon, maza sun fi shiga haɗari, kuma wanda aka gano da wuri ana iya ceton sa. Falalu ya fassara yana duba agogo, a ransa yana gode wa Allah da bai haɗa jini da gidan nan ba.

Nas ta tambayi yawan 'ya'ya. Ya amsa da kansa, biyu.

"Ce mata uku," in ji Batulu.

"Anti, train ɗina ƙarfe huɗu ne fa. Wane na uku kuma?"

Ta juya fuskarta ga bango, ta ja mayafi ta rufe baki.

"Ɗan fari ba a kama sunansa," ta ce. "Karɓi biron, ka rubuta mata naka."