Kalma Ɗaya a Takardar Shaida

Jama'a, a ba da hanya, ga babban likitan wayoyi, ɗalibin da ya shekara biyu a aji ɗaya na koyon Turanci, ba don daƙiƙanci ba, sai don malamar ajin. Yau ko murmushi babu. Ya ajiye mata takardar shaidar da ta rubuta masa ta neman aiki a wani kamfani mai nisa.

"Malama, ke kika koya mana hali ɗaya yana da kalma biyu a Turanci, ta yabo da ta suka. Mai naci determined ne. Ni kika sa mini stubborn."

Ta ci gaba da goge allon da tuni ya gogu.

"Wa zai ɗauki mai taurin kai aiki? So kike su ƙi ni, in zauna."

Hannunta ya tsaya. Ba ta juyo ba, ba ta kuma musa ba.

"Ki gyara mini. Zan tafi in riƙe aikin, kafin wata shida kawuna zai zo wurin babanki. Ko an kore shi zai koma, nacin a gida na gada."

Ta juyo, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta zaro sabuwar takarda ta sake rubutawa a hankali. Da ya ga kalmar yabon, sai ya gyara wuyan riga zai fara jawabi.

"Kamfani na rubuta wa," in ji ta. "A wurina kana nan a kalmar takardar farko."